Eriyar waje a Jos: wacce za a saya, kuma ina za a kafa ta?

Ɗan Rikkos: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema a kan eriyar talabijin ta waje. Gidan mahaifinmu yana Rikkos, ta ɓangaren da ya yi kwari wajen rafi. Dikodar eriya ce da mu, ba ta dish ba, kuma eriyar tana ɗaure a jikin tagar falo, ƙasa da rufin kwano. Hoto yana tsinkewa, ya yi dabbare-dabbare, murya ta riƙa sarƙewa, da hadari ya taso kuwa sai ya ɗauke gaba ɗaya. Baba ba ya kallon komai sai labaran ƙarfe 9 na NTA da shirye-shiryen PRTV, tashar jiharmu ta Filato, sai tafsiri idan azumi ya zo, kuma abin yana damunsa ƙwarai. Na shiga kasuwar Terminus an nuna mini iri uku: doguwa mai haƙarƙari, da faffaɗa mai raga a baya, da wata mai rimot da ke juyawa da kanta, wadda aka rubuta a kwalinta wai tana kamo tasha daga nisan kilomita 200. Wacce zan ɗauka?

Baban Hanif: Wa alaikumus salam. Ɗauki mai rimot ɗin nan kawai ka huta. Da busta mai ƙara ƙarfin sigina take zuwa a ciki, kana zaune a falo kana juya ta. Ita nake amfani da ita a Dogon Dutse, tashoshina garau.

Malam Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Baban Hanif, kai a kan tudu kake. A inda kake ko wace irin eriya aka ɗaga za ta kama, don haka ba ita ce ta yi maka aikin ba, wurin ne. Shi kuma yana cikin kwari, ba ɗaya ba ne.

Ɗan Rikkos, kada ka fitar da ko sisi tukuna. Ka fara shiga gida biyu ko uku na maƙwabta masu irin dikodarku, ka ga me suke kamawa a yau ɗin nan, ka ɗaga kai ka ga ina eriyarsu ta fuskanta, tsawon sandarsu nawa, kuma haƙarƙarin a kwance suke ko a tsaye. Wannan na ƙarshen mutane ba sa lura da shi, alhali idan tasha tana watsawa a kwance kai kuma ka kafa taka a tsaye, ka zubar da mafi yawan siginar tun kafin ta shiga waya. Bayan haka ka kwance wadda ke jikin tagar, ka ɗaura ta a kan doguwar gora, wani ya riƙe ta sama da kan rufi, kai kana kallon allo. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Kwano ba ya barin sigina ta ratsa shi, eriyar da ke ƙarƙashinsa rabin aiki ma ba ta yi.

Baban Hanif: To amma Malam, busta fa? Ai ƙara ƙarfi take yi. Wanda ke kwari ba shi ya fi buƙatarta ba?

Malam Mai Gyara: Busta ba ta ƙirƙirar sigina. Kamar lasifikar masallaci ce: abin da makirfo ya ɗauka shi za ta ɗaga, idan murya ce murya, idan shuu ɗin iska ne shi za ka ji da ƙarfi. Eriyar da ba ta kamo komai ba, ko busta goma ka jera mata hayaniya kawai za su ƙara. Amfaninta na gaskiya shi ne idan waya ta yi tsawo, ko za a raba wa talabijin biyu ko uku, sai a sa ta can sama kusa da eriya ta rama abin da wayar za ta cinye. Wanda kuma yake kusa da tasha, busta na iya kashe masa hoton ɗungurum, don siginar ta yi wa dikoda yawa. Na sha zuwa gida a ce mini ba ya kamawa, in cire bustar kawai, tashoshi su dawo.

Ita kuma mai juyawar, ku dubi jikinta. Roba ce da ƙaramin injin juyawa a ciki. Ranar Jos da sanyin hunturu da ƙanƙarar farkon damina ba sa barin roba ta daɗe, ta tsage ruwa ya shiga, injin ya cije. Kuma bustarta sai da wuta, ga mai amfani da sola ƙarin kaya ne.

Injiniya: Bari in sa baki a kan kilomita 200 ɗin nan, don yana cin kuɗin mutane. Tashoshin dijital na ƙasa suna aiki ne a zangon UHF, wajen megahaz 470 zuwa 694. Sigina a wannan zango kusan miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa sosai. Akwai lissafi mai sauƙi: idan turken da tasha ke watsa sigina daga kansa ya kai mita 100, iyakar hangensa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wajen kilomita 41 ne. Taka eriyar idan tana kan mita 9 za ta ƙara kamar kilomita 12. Ka ga hamsin da 'yan kai ke nan, kuma fa idan babu dutse a tsakani. Turken da ke kan tsauni yana wuce haka, amma wannan aikin tsaunin ne, ba na abin da ke cikin kwali ba.

Matsalar Jos ma ba nisa ba ce. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, amma cikinsa hawa da gangara ne, ga duwatsu a tsakiyar unguwanni, ga tsaunukan Shere ta gabas da suka haura mita 1,800. Mutum na iya zama kilomita biyar daga tasha amma dutse ɗaya ya tare shi, wani kuma yana kilomita talatin a fili yana kallo lafiya lau. Shi ya sa nake goyon bayan Malam: a Rikkos tsawon sanda ya fi komai.

Ɗan Rikkos: Na gode ƙwarai. To idan na ɗaga wadda muke da ita ba ta isa ba, tsakanin doguwar da mai raga fa?

Malam Mai Gyara: Ya danganta da abin da ka gani a maƙwabta. Doguwar, wadda ake kira Yagi, gaba ɗaya take kallo. Iya yawan haƙarƙarinta iya ƙarfin janta, amma iya ƙuncin inda take gani. Idan duk tashoshin da Baba yake so daga waje ɗaya suke zuwa, ita ce taku, musamman a kwari, domin tana ture siginar da ke dawowa daga jikin duwatsu da rufin mutane ta baya da gefe. Mai ragar ta fi buɗe fuska, tana da kyau idan turaku biyu ne ba a layi ɗaya ba amma ba su yi nisa da juna ba, kuma ba ta cika damuwa ba idan iska ta ɗan karkata ta. Ni a gidan da ka kwatanta, Yagi ta alminiyom mai kauri zan sa, matsakaiciya, mai ƙarfen kariya a baya. Ka taɓa haƙarƙarin da hannu a shago. Idan suna lanƙwashewa da yatsa biyu, bar musu kayansu, iskar watan Afrilu za ta gama da ita.

Wani abu kuma da ya shafi duwatsunmu: wani lokaci idan dutse ya tare ka ta gaba, sai ka sami hoto mai kyau ta hanyar juya eriyar ta kalli wani dutsen ko dogon gini da siginar ke bugawa ta dawo. Tsarin dijital na DVB-T2 da muke kai yana jure irin wannan fiye da na da. Saboda haka kada ka tsaya a inda kake zaton tashar take, zagaya da ita gaba ɗaya a hankali.

Dattijon Bukuru: Yarana, kuna ta magana ina jin daɗi. Mu da muka ga farkon abin nan, a Jos aka fara nuna talabijin mai launi a ƙasar nan, a 1975, zamanin gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato. Eriyoyin lokacin manya ne, haƙarƙarinsu dogaye, ana hango su daga nesa a kan gidaje. Har yanzu tawa tana kan rufi, ƙarfenta bai yi komai ba. Tambayata ga Injiniya: zan iya jona ta da dikodar da jikokina suka kawo, ko sai na sayi wadda suke cewa ta dijital?

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Babu wata eriya da aka ƙera ta daban don dijital. Ƙarfe ne da aka yanka daidai da tsawon zangon da zai kama, bai san ko hoton da ke zuwa na da ne ko na yanzu ba. Abin dubawa shi ne girman haƙarƙarin. Tsofaffin tashoshi da yawa a zangon VHF suke, megahaz 174 zuwa 230, shi ya sa haƙarƙarin suka kai kusan santimita 70 ko fiye. Na UHF gajeru ne, wajen santimita 20 zuwa 30. Idan taku tana da gajerun a gaba da dogayen a baya, to mai haɗa biyun ce, za ta yi aiki. Idan dogaye ne zalla, za ta iya ɗan kamawa idan siginar na da ƙarfi a wajenku, amma ba don wannan zangon aka yi ta ba. Ko da za ta yi, wayar da ta shekara da shekaru a rana dole a canza ta, a kuma kankare tsatsar da ke wajen haɗin.

Dattijon Bukuru: Madalla, Allah ya yi albarka. Dogaye ne zalla. Sai dai a bar ta a inda take, a kafa ƙaramar a gefenta.

Maman Ummi: Ni dai abin da zan ce wa Ɗan Rikkos, don Allah ka kula da waya. Mu a Unguwar Rogo mun canza eriya, mun sayi busta, duk a banza, da an yi ruwa sai hoto ya tafi sai an kwana biyu da rana. Ashe wanda ya haɗa mana tun farko wayar ce ya ƙulla gida biyu ya naɗe da leda, ruwa yana bi ta ciki har bayan dikoda. Da aka yanke wajen sai ga ragar ciki ta yi baƙi ƙirin, tana marmashewa. Sabuwar waya guda ɗaya ba ƙulli aka ja, da tsohuwar eriyar, shi ke nan har yau.

Malam Mai Gyara: Hajiya ta faɗi abin da ya fi yawa a cikin aikin da ake kira na. Mutane suna cewa ruwan sama ne ke ɗauke sigina. A dish haka ne, ruwa mai ƙarfi yana tare abin da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam. Amma a eriyar ƙasa ruwan da ke zuba a iska kusan ba ya rage komai. Idan hotonka yana tafiya da ruwa, to ɗaya cikin uku ne: ruwa ya shiga haɗin waya, ko iska tana kaɗa sandar, ko akwai bishiya a gabanka da ganyenta ya jiƙe. Mangwaro da turare idan suka sha ruwa suna tare sigina ba kaɗan ba.

Waya kuwa RG6 za ka ce a ba ka, kada ka karɓi siririyar nan. Ka sa a fere maka bakinta a gabanka. Mai kyau za ka ga takardar alminiyom ta naɗe farin cikin, sannan raga mai yawa a kanta. Ta banza ragar ba ta fi silli goma ba, kana hango cikin ta tsakaninsu. A nan ne araha ba ta ado. Ka auna tsawon da kake buƙata ka sayi guda, kada ka bar ragowa mai yawa ka naɗe a bayan talabijin. Wajen sa kan ƙarfen da ake murɗawa, ka tabbata ko silli ɗaya na ragar bai taɓa tsinken tsakiya ba, silli ɗaya tak yana kashe komai. Haɗin da ke sama ka naɗe shi da salatif mai kyau, bakin akwatin haɗin da ke jikin eriyar ya kalli ƙasa. Kafin wayar ta shiga bango ka bar ta ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa, ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje.

Injiniya: In ƙara da alƙaluma. Ko RG6 mai kyau, a wannan zangon kowane mita 20 tana cinye kusan rabin ƙarfin siginar. Abin raba waya gida biyu shi ma yana ɗauke fiye da rabi ga kowane talabijin. To ka haɗa: mita 40 na waya da mai rabawa ɗaya, abin da ya isa dikoda bai fi kashi ɗaya cikin takwas na abin da eriya ta kamo ba. Irin wannan gidan ne busta ke da hujja, Baban Hanif.

Baban Hanif: To ai ni ma talabijin biyu ne da ni, ka ga ban yi asara ba ke nan. Amma na karɓi maganar kwari da tudu.

Ɗan Gangare: Ni fa duk wahalar nan ban ga dalilinta ba. Hawa rufi, juya sanda, neman dutse. Ka sa wa tsoho dish na kyauta mana, tashoshin Hausa da na wa'azi sun fi a ƙirga, babu ruwanka da kwari.

Ɗan Rikkos: Yaya, akwai dish a ɗakin ƙannena. Baba labarin garinsa yake so, wa ya rasu, me gwamnatin jiha ta ce, yaushe za a fara rabon taki. Ba duk tashoshin gida ake samu a dish ba.

Anti Ladi: Gaskiyarka ɗana. Mamanmu a Tudun Wada haka take, idan ba ta ga sanarwar gida ba kamar ba ta kalli komai ba. Kuma abin nan namu ne fa. A Jos aka fara ƙaddamar da komawa dijital a Najeriya, 30 ga Afrilu 2016, lokacin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai. Na tuna ana sayar da akwatin FreeTV, wato dikodar, naira 1,500, mutane suna layi. Abin da ya ba ni haushi tun lokacin shi ne an raba akwati amma ba a zauna an koya wa mutane kafa eriya ba. Gidaje da yawa sun ɗauka akwatin ne ba shi da kyau suka jefa shi a lungu, alhali sanda ce gajera.

Abban Sadik: Daga Abuja nake bin ku. Mu namu an ƙaddamar a Disamba 2016, turken yana kan dutsen Mpape. Labarin iri ɗaya ne: wanda ke hango tudun yana kamawa da ƙaramar eriya, wanda dutse ko dogon bene ya shiga tsakaninsu sai ya ɗaga sanda. Tambaya gare ni ga Malam. Dikodata tana nuna layi biyu, na sama yana cika har kusan 90, amma hoto yana tsayawa. Me ke kawo haka?

Malam Mai Gyara: Na saman ƙarfi ne, na ƙasan inganci, wanda suke rubuta Quality. Na ƙasan shi ne abin kallo. Ƙarfi na iya cika da hayaniya zalla, musamman idan akwai busta. Idan ƙarfi ya yi sama inganci yana ƙasa ko yana rawa, to ko busta ta yi yawa, ko ruwa a waya, ko wani abu na kutsowa. Akwai turken waya kusa da kai?

Abban Sadik: Akwai, bayan katangarmu kaɗan.

Injiniya: To ga inda za ka fara dubawa. Zangon megahaz 700 da 800 da a da na talabijin ne, yanzu kamfanonin waya ke amfani da shi don 4G. Tsofaffin bustoci suna ɗaga har wannan zangon, sai siginar turken ta cika su ta danne ta talabijin. Cire bustar ka gwada. Idan dole sai da ita, akwai ƙaramar na'urar tace siginar 4G, wadda ake kira LTE, da ake sawa tsakanin eriya da busta, ba bayanta ba. Kuma ka kauce wa saita eriyar tana kallon turken kai tsaye.

Ɗan Rikkos, kai ma da layin ingancin za ka yi saiti. Dijital ba ya yin dishi-dishi kamar na da, ko dai ya fito tsaf ko ya faɗi gaba ɗaya. Don haka kada ka ɗaure sanda da zarar hoto ya fito. Ka ci gaba da juyawa kaɗan-kaɗan, kana dakatawa na 'yan daƙiƙu don dikoda ba ta nunawa nan take, har ka sami inda ingancin ya fi yawa. Ka gwada ɗagawa da saukewa da kamar rabin mita, wani lokaci ƙasa kaɗan ya fi. Rarar da ka samu ita za ta riƙe maka hoto ranar hadari. Idan ka gama sai ka sake sa dikoda ta nemo tashoshi daga farko.

Anti Ladi: Ni tsoron da nake ji shi ne tsawa. Kuna ta cewa a ɗaga ƙarfe sama da rufi, a Jos kuwa kun san yadda aradu take a farkon damina da ƙarshenta. Maƙwabcinmu ya rasa talabijin da dikoda a dare ɗaya.

Malam Mai Gyara: Anti, tsoronki a kan hanya yake, kuma yawancin masu kafawa ba sa yin abin da ya kamata don mai gida ba ya son ƙarin kuɗi. Sandar ƙarfe ana ɗaura mata waya mai kauri ta jan ƙarfe, a sauko da ita miƙe ta bayan gini ba tare da lanƙwasa mai tsini ba, a haɗa da rodin da aka kafa cikin ƙasa mai laima. A wuraren da dutse ke kusa da sama sai an nemi inda ƙasa ta yi zurfi. Wannan yana rage haɗari, bai kawar da shi ba. Idan hadari ya haɗo da walƙiya, a zare wayar eriya daga bayan dikoda, a zare filogi daga soket. Kashewa da rimot ba ya hana komai. A zare tun hadarin yana nesa, ba lokacin da ake tsakiyar tsawa ba.

Wanda ya fi tsawa kashe mutane a aikin nan kuwa wayar lantarki ce. A Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo wayoyi suna wucewa dab da rufin gidaje. Kafin ka ɗaga fayif ka auna da ido: idan ya kuɓuce ya faɗi ta kowane ɓangare, zai kai ga waya? Idan zai kai, canza wuri, ko da can ne sigina ta fi. Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita kana riƙe da ƙarfe. Kada a hau kwano da safe yana da raɓa, kuma kada mutum ɗaya ya yi aikin.

Ɗan Rikkos: Akwai waya ta gaban gidan, amma bayan gida fili ne. Gora zan yi amfani da ita ko fayif?

Malam Mai Gyara: Gora don gwaji kawai, tana lanƙwasa a iska kuma gara na cin gindinta. Idan ka gano wurin da tsawon, ka sa fayif ɗin ruwa na ƙarfe, ka kama shi da bango a wuri biyu da ƙarfen ɗauri, ba da igiya ba. Idan ya haura rufi da fiye da mita uku, ka ja masa wayoyi uku ta ɓangarori uku su riƙe shi. Ka toshe bakinsa na sama kada ruwa ya taru a ciki, ka kuma ɗaure wayar eriyar a jikinsa duk bayan rabin mita don kada iska ta riƙa fizgar haɗin.